Shafi biyu na asalin zanen komik: wanne zan saya, kuma yaya zan adana shi?

Sabon_Hannu

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar asalin zanen littattafan komik na Amurka, wato ainihin takardar da mai zane ya yi aiki a kanta da hannunsa kafin a kai maɗaba'a, ba littafin da aka buga ba.

Shafi biyu ne a gabana, kuɗin guda ɗaya gare ni. Na farko daga wani littafin kamfanin Marvel ne na 1984, shafin ciki mai ɗaki shida, wato hoto shida kowanne a gurbinsa, jarumin ya fito a ɗaki uku sanye da kayansa. Rubutun magana yana jikin takardar. Ta ɗan yi rawaya, akwai tabo ruwan ƙasa a inda aka liƙa wani gyara, kuma an yanke kusurwoyinta biyu na sama. Yana gidan gwanjo, ana hasashen zai tsaya wajen dala 650. Na biyu na 2016 ne, fari tas, wakilin mai zanen ne yake sayarwa dala 400. Sai dai an rubuta "inks over blueline" a bayaninsa, kuma babu rubutun magana ko kalma ɗaya.

Yaya zan tabbatar ba jabu ba ne alhali hoto kawai nake gani? Tabon da yankan kusurwar aibi ne babba? Kuma idan ya iso Kano, yaya zan ajiye shi kada zafi da damina su cinye shi?

Gora_da_Tawada

Wa alaikumus salam. Malam Sabon Hannu, abu biyun nan ba jinsi ɗaya ba ne, don haka fara fahimtar abin da kowanne yake kafin maganar farashi.

A 1984 takarda ɗaya ce take zagaya hannuwa. Mai fensir ya zana, mai rubutu ya sa magana da tawada, mai tawada ya bi layin fensir da alƙalami da buroshi, sannan a goge fensirin. Abin da ya rage shi ne asali, kuma guda ɗaya ne a duniya. Na 2016 kuwa, abin da "inks over blueline" yake nufi shi ne an ɗauki hoton zanen fensirin da na'ura, an buga shi da shuɗi mai haske a kan sabuwar takarda, mai tawada ya bi ta kai. Ma'ana fensirin mai zane bai taɓa wannan takardar ba. Ko dai akwai wata takardar fensir a hannun wani, asali ya zama biyu ke nan, ko kuma a kwamfuta aka yi fensirin, ta tawadar ce kaɗai abin riƙewa. Tambayi wakilin kai tsaye: wa ya yi fensir, wa ya yi tawada, kuma akwai takardar fensir daban? Idan sunan mai fensirin ne ya ja ka, alhali wani ne ya yi tawadar, to dala 400 ɗinka aikin mai tawada za ta saya. Rashin rubutun magana ba komai ba ne, tun cikin shekarun 1990 rubutun ya koma kwamfuta.

Yanzu tantance na 1984. Nemi hoto mai girma na gaba da na baya, har da gefen takardar duka huɗu, kada a yanke komai. Ga abin da za ka duba.

Girma. Daga wajen 1967 zuwa yau shafin Amurka inci 11 ne a 17, filin zanen kuma inci 10 a 15. Kafin lokacin sun fi haka girma, wajen inci 14 a 21. Shafin 1984 da ya zo daidai girman littafin da aka buga ba asali ba ne, ɗaya ne daga takardun maɗaba'a ko takardar jagoran launi, waɗanda wasu 'yan kasuwa suke yi wa laƙabin "production art" don su ruɗi baƙo.

Saman takardar. Kwalin kamfanin yana da layuka da gurabe da aka buga da shuɗi, inda ake cike sunan littafi, lambar fitowa da lambar shafi da hannu. Kada ka firgita idan lambar ta saɓa da ta littafin, domin akwai lissafin shafin labari, akwai kuma na littafi wanda ya haɗa da tallace-tallace.

Baya. Sau da yawa za ka ga hatimin hukumar tace komik ta Amurka, wadda aka kafa a 1954, ko hatimin kamfani, ko zane-zanen gwaji na mai zanen. Samun su ƙarin hujja ne, rashin su kuma ba ya kore shafi.

Tawadar kanta, nan ne aikin yake. Roƙi a haska tocila daga gefe, a kwance da takardar, a ɗauko maka hoton wurin da baƙi ya fi yawa. Tawadar hannu ba ta kwanciya bai ɗaya: za ka ga sawun buroshi, wani wuri ya yi ƙyalli, wani ya dushe, a ƙarƙashi wani lokaci ka hango ɗan gicciyen fensir da mai zane ya sa don nuna "cike nan da baƙi". Farin fentin gyara yana tasowa kamar ɓawo, kana iya ganin inuwarsa. Bakin alƙalami yana ɗan karce takarda. Abin da inji ya buga kuwa baƙinsa shimfiɗe yake kamar an shafe, idan ka sa madubi mai ƙara girma sau 10 sai ka ga ɗigo-ɗigo ko garin hoda a bakin layi. Da wannan madubin ne ma ake bambance shuɗin fensir na gaske, mai santsi da ɗan lotsawa, da shuɗin da firinta ya fesa.

Sai gwadawa da littafin. Samo shafin da aka buga, ka ɗora hotunan biyu a kwamfuta, ka daidaita girmansu; asalin an rage shi zuwa wajen kashi biyu cikin uku kafin a buga. Kada ka dubi fuska, kowane mai kwaikwayo yana ƙoƙari a fuska. Dubi inda ba wanda ya damu da shi: ƙananan layukan inuwa a jikin bango, gashin kan wani ɗan kallo a baya, wutsiyar da'irar da ake rubuta magana a ciki. Ƙirga layukan. Mai sake zane bakwai zai ja inda aka ja tara.

Yankan kusurwa kuwa alama ce mai kyau, ba aibi ba. Ma'aikatan maɗaba'a na wancan zamani sukan liƙe takardar da salatif, in sun gama sai su yanke kusurwar maimakon su ɓare. Shafukan shekarun 1970 da 1980 da yawa haka suke, kuma masu saye ba sa rage kuɗi a kansa muddin yankan bai shiga zane ba. Tabon ruwan ƙasa gam ɗin roba ne, dangin sholishon masu faci, da shi ake liƙa gyara a lokacin. Yana bushewa, ya rina takarda, ƙarshe abin da aka liƙa ya faɗo.

Mai_Duba_Baya

Bayanin Malam Gora ya gamsar, amma zan ɗan yi gyara a maganar gwadawa da littafi, kada ɗan'uwanmu ya ƙi abu mai kyau. Ba kowane saɓani ne alamar jabu ba. Wani lokaci edita yakan sa a yi gyara a kan hoton shafin bayan an ɗauka, ba a kan asalin ba, sai littafi ya fito da fuskar da aka sake ko maganar da aka canza, asali kuma ya zauna yadda yake. Haka nan idan liƙin gyara ya faɗi, za ka ga tsohon zanen da ke ƙarƙashi, da tabon gam mai siffar abin da ya ɓace. Ƙa'idar ita ce: saɓani a wuri ɗaya mai iyaka, gyara ne; saɓani ƙanana a ko'ina, sake zane ne.

Sannan jabu bai cika yawa a shafukan ciki irin wannan ba, wahalar kwaikwayon ɗaki shida da rubutu ta fi ribarsa. Inda ya yi katutu shi ne ƙananan zanen kai ɗaya da sa hannun wani shahararre da ya mutu, wanda ba a taɓa bugawa ba balle a gwada. Takardar shaidar da mai sayarwa ya buga da kansa ba ta tabbatar da komai. Abin da ke tabbatarwa isnadi ne: daga hannun wa, zuwa hannun wa. Bincika taskar tsofaffin cinikin gidan gwanjon Heritage Auctions da dandalin intanet na ComicArtFans, ka ga ko shafin ya taɓa fitowa, da wane tabo, a wace shekara. Idan a tsohon hoto yana da rawaya yanzu kuma ya yi fari, an wanke shi, kuma wajibi ne a faɗa.

Shekararsa ma ta taimake ka. Sai cikin shekarun 1970 manyan kamfanonin suka fara mayar wa masu zane takardunsu, galibi kashi biyu cikin uku ga mai fensir, ɗaya ga mai tawada. Na kafin nan ne ake rigimar yadda suka fita daga sito. Shahararren mai zane Jack Kirby sai 1987 ya karɓo wajen shafi 2,000 daga Marvel bayan doguwar taƙaddama, ƙaramin kaso na abin da ya zana musu.

Ɗan_Gwanjo

Ni ta fuskar kuɗi zan shigo. Ranka ya daɗe, dala 650 ɗin nan ba ita za ka biya ba. Gidajen gwanjo da yawa suna ɗora wa mai saye la'ada, sau da yawa kashi 20 cikin ɗari ko fiye, karanta sharuɗɗan gidan kafin ka taya. Mu ɗauka 20 ne: 650 da 130, 780 ke nan. A ce aike da inshora sun ci 90, ka kai 870, ban da kwastam da abin da canji zai ci.

Juya lissafin ranar sayarwa. Kasuwar abin nan tana Amurka da Turai, don haka sai ka sake aika shi, wata 90 ɗin, jimla 960. Gidan gwanjo zai cire nasa daga wajen mai sayarwa, a ce kashi 10. Kafin uwar kuɗinka ta dawo, sai an sallama shi a kusan dala 1,067, wato farashin ya tashi da wajen kashi 64 a kan 650. Shafin ciki na tsaka-tsaki yana iya shekaru bai yi wannan tashin ba. Saboda haka ka yanke iyakarka tun kafin ranar, ka lissafa da la'ada a ciki, ka rubuta a takarda. Zafin minti biyun ƙarshe ne yake sa mutum ya wuce gona da iri.

Abin da ke sa tsada a jere yake: bangon littafi a sama, sai shafi mai hoto guda da ya cika takarda, sai shafin ɗakuna. A cikin shafin ɗakuna, jarumi cikin kayansa yana faɗa ya fi mutane zaune suna hira nesa ba kusa ba. Amma abin da ya fi duka shi ne muhimmancin abin da ya faru a shafin. Shafi na 25 na littafin Secret Wars fitowa ta 8, zanen Mike Zeck, shi ma na 1984 ne, Heritage ta sayar da shi dala miliyan 3.36 a Janairun 2022, saboda a nan labarin ya nuna yadda Spider-Man ya samu baƙaƙen kayansa. Shafin ƙarshe na littafin Incredible Hulk fitowa ta 180, zanen Herb Trimpe, inda jarumi Wolverine ya fara bayyana, ya kai dala 657,250 a 2014. Waɗannan ba ma'auninka ba ne, na kawo su ne don ka ga gwanintar hannu ba ita kaɗai ake saye ba. Ma'auninka shi ne shafi uku zuwa biyar na mai zanen nan, a littafin nan, masu irin wannan abin ciki, waɗanda aka sayar cikin shekara biyu da suka wuce. Farashin da aka sayar, ba wanda dillali ya rataya ba, don wani shafin yakan shekara biyar a rataye ba mai tayawa.

Na 2016 yana da nasa alherin: daga wakilin mai zane yake, isnadinsa gajere ne kuma tsaf, ba la'ada. Raunin sa shi ne sababbin shafuka suna da yawa, kuma masu saye da dama ba sa son rabin asali. Idan takardar fensir tana nan, tambayi kuɗin biyun a haɗe. In da ni ne mai zaɓi, kuma hotunan suka tabbatar da abin da Malam Gora ya lissafa, na 1984 zan bi, in tsaya a 700.

Abu biyu kuma. Idan da mutum ɗaya kake ciniki ba gida ba, biya ta hanyar da ke da kariyar mai saye. Duk wanda ya nace sai ka tura a matsayin kyauta ga aboki, bar masa kayansa. Sannan sayen takardar bai ba ka haƙƙin mallakar hoton ba. Ba za ka buga shi a riga ko kalanda ka sayar ba.

Sabon_Hannu

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Na tambayi wakilin, ya ce akwai takardar fensir kuma an riga an sayar da ita, don haka na karkata ga na 1984. Saura maganar aike da ajiya. Akwai mai yin firam a unguwarmu, na yi tunanin in kai masa, ko kuma a yi masa laminatin don ya daɗe.

Uwar_Takardu

Ɗana, laminatin kam a'a, ko da wasa. Zafin injin yana narkar da roba ta shige cikin zaren takarda, ba ta ɓaruwa, kuma daga ranar darajar shafin ta tafi. Haka mai firam da zai shafa gam ya manne shi a jikin katako ko ya kewaye shi da salatif. Ƙa'idar adana takarda ita ce kada a yi mata abin da ba za a iya warwarewa ba.

Mu fara da aike. A sa shafin cikin rigar Mylar, wata leda garau da ake adana takardu a ciki, a kafe rigar a tsakiyar kwali mai tauri da salatif ta yadda salatif ɗin bai kusanci zanen ba, a rufa wani kwalin, sannan a matse su tsakanin falankin katako sirara guda biyu da suka fi shafin da inci 2 ta kowane gefe. A naɗe da leda saboda ruwa, a sa a akwati. Kada a naɗe shi kamar tabarma a tura cikin bututu: kwalin Bristol da ake zanen a kai yana karyewa, farin fenti ya farfashe, liƙe-liƙe su tashi. Tambayi iyakar inshorar kamfanin aike a kan kayan zane, da yawa suna ƙayyade ta ƙasa da abin da mutum yake zato. A takardar kwastam a rubuta zanen hannu ne na asali, lambar rukuninsa 9701, da farashin gaskiya, domin abin da aka rubuta shi inshora za ta biya. In ya iso, bar akwatin a ɗaki kwana ɗaya kafin ka buɗe, takardar ta saba da iskar wurin, kuma ɗauki bidiyon buɗewar.

Ajiya. Abin da takarda take so shi ne laimar iska tsakanin kashi 35 da 50, da sanyi wajen digiri 18 zuwa 21. Sanyin nan ba kowa zai iya ba, amma laimar ana iya sarrafa ta, kuma ita ce ta fi muhimmanci. A Kano hunturu yakan sauke ta ƙasa da 20, Agusta ya haura da ita sama da 70. Sama da 65 funfuna take tsirowa, ɗigon tsatsa-tsatsa ya fito a takarda. A bushewar hunturu kuma tsohon gam yakan saki, fenti ya tsage. Abin da ya fi duka illa shi ne hawa da sauka, don haka ɗakin da na'urar sanyaya take aiki awa uku wuta ta ɗauke ya fi ɗakin tsakiyar gida mai zama a hali ɗaya cutarwa.

Samo akwatin roba mai murfi da ke kama iska, wanda shafin zai kwanta a ciki ba tare da lanƙwasa ba. Sa ƙaramin ma'aunin laima a ciki, da silika, irin ƙunshin da ake gani a kwalin sabon takalmi amma mai yawa, wajen giram 200 zuwa 300, cikin jakar yadi a gefe, kada ya taɓa zanen. Da damina duba ma'aunin kowane mako. In ya wuce 55, busar da silikar a murhu mai ɗan zafi ka mayar. Da hunturu cire ta, in ba haka ba za ta ƙara busar da abin da ya riga ya bushe. Akwai kuma ƙunshi masu riƙe laima a wajen 49, waɗanda masu kayan kiɗa na katako suke amfani da su, suna sha suna kuma saki, sun fi sauƙin sha'ani. Ɗora akwatin a kan kanta, aƙalla taƙi ɗaya daga ƙasa, nesa da bangon waje da banɗaki, saboda gara da yoyo. Kada ka fesa fiya-fiya kusa da shi, kada ka jefa kafur a ciki. Rigar ta zama Mylar ko 'yar'uwarta Melinex, a bar baki ɗaya a buɗe. Ledar PVC mai warin sabuwar roba tana fitar da maiƙo, ta manne da tawada. In shafuka suka yi yawa, kundin adana zane na kamfanin Itoya mai inci 13 a 19 ya fi na 11 a 17, don kwalin kamfani yakan ɗan zarce awo.

In ka nace sai ka rataye: kwalin kewaye marar asid mai kauri don takardar kada ta taɓa gilashi, gilashi mai tare hasken ultraviolet da ke kodar da launi, a rataye shafin daga sama da 'yan kunnuwa biyu na takardar Japan da kunun sitacin alkama, ko a zura kusurwoyinsa cikin aljihun Mylar. Bangon da rana ba ta kaiwa, fitilar LED, ba doguwar fitilar nan mai farin haske ba. Ni dai shawarata a ɗauki hotonsa mai kyau a buga a rataye kwafin, asalin ya kwanta a duhu.

Tabon gam kada ka taɓa shi da fetur, sipirit ko bilic. Masu gyaran takarda suna rage shi da sinadarai a kan tebur mai zuƙo iska, kuma a shafin dala 650 kuɗin aikin zai iya cin rabin darajarsa. In liƙin ya faɗo, sa shi a ƙaramar ambulan ta Mylar cikin rigar shafin, ka bar shi haka.

Gora_da_Tawada

Ƙari ɗaya kan maganar Hajiya, tunda shafin na 1984 ne. Duba wuraren baƙi a hoton da kyau. Wasu masu tawada na shekarun nan sukan cike manyan wurare da alƙalamin maka maimakon tawadar Indiya don sauri. Tawadar Indiya garin gawayi ce, ba ta kodewa. Maka kuwa rini ce, tana juyewa shunayya ko ruwan ƙasa, haske yana gaggauta ta, kuma ba ta dawowa. In ka ga baƙin ya kasu launi biyu, to wannan shafin ba na ratayewa a bango ba ne ko da gilashi mai tsada, kuma kada ka yarda wani ya bi ta kai da sabuwar tawada. Haka in akwai siririyar leda mai ɗigo-ɗigo da ake liƙawa don inuwa, Zip-A-Tone, tambayi gidan gwanjon ko gefenta ya fara tashi ko ta tsuke ta bar layin gam, a rubuto maka amsar kafin ranar tayi.